Cokula Sittin da Ɗaya

Zuwa ga Autarmu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Auta, na tafka ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin san cokulan maigidana, mijin nan naki na wasa, na katakon da ya tara a shekara talatin da ya yi yana kuku a jirgin ruwa. Duk tashar da suka tsaya, abokan aikinsa su sayo agogo da rediyo, shi kuwa ya faɗa kasuwar tsofaffin kaya ya sayo cokalin da wata tsohuwa ta gaji da shi. Sittin ne cif a kabad ɗin falo, kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare, an rubuta garin da ya fito.

Ranar Talata aka yi masa aikin ido. Na ce bari in wanke su, in an cire bandeji ya gan su fes. Don kada takardun su jiƙe sai na kwance su na zuba a kwano. Duka, Auta! Sai da na jera cokulan a kan tabarma sannan na tsaya ina kallon kwanon, na gane abin da na aikata. Mai kan tsuntsu da mai wutsiyar kifi duk ɗaya suke a wurina, ban san takardar kowa ba.

Shekara biyu ke nan yana cewa in idon ya warke zai kwafe su a littafi saboda jikoki. Abin da zai bar musu ke nan, ni kuma na dagula shi da rana tsaka. Ki taya ni addu'a. Kada ki yi mini dariya, na san halinki.

Taki,
Yaya

Auta 'yar gidana,

Na sami amsarki, na gode. Ina gaida kowa da kowa. Na ga inda hannunki ya karkace don dariya, Allah ya shirye ki.

Idon bai dawo ba. Likita ya ce sai haƙuri. Kwana uku mijinki yana zaune a falo ko rediyo ba ya kunnawa, ni kuma ina ta kewaya shi da laifina a baki. A na huɗu na durƙusa na faɗa masa. Na fara hawaye ke nan, sai ya ce in miƙo masa cokali ɗaya.

Auta, da babban yatsa ya karanta shi. Ya shafa bakinsa, ya bi sassaƙar, ya shinshina, ya faɗi garin, har da ruwan saman da aka yi ranar da ya saye shi. Na lalubo takardar a kwano na ɗaura. Mako guda muka yi a haka, don kowane cokali sai an ba ni labarinsa. Shekara arba'in ina share musu ƙura ban taɓa tambaya ba, wannan ya fi ba ni kunya.

Da muka kai sittin, tsokana ta motsa mini. Na ɗauko tsohon cokalina na girki na sa masa a hannu. Ya juya shi har yatsansa ya kai ƙonannen gefen nan. Ya ce wannan bai taɓa hawa jirgi ba, a makon aurenmu wata amarya ta bar shi a wuta tana sauraron surutunsa, kuma duk cikinsu shi kaɗai ne ya ciyar da shi. Ya ce in rubuta haka. Na rubuta, da ƙyar nake ganin layin.

Na ɗaura wa cokalin takardar zan sa shi a kabad, sai ya riƙe mini hannu. Wai in mayar da shi kicin, wannan bai yi ritaya ba tukuna.

Ki zo ki gan mu in ƙafar ta bari. Yana gaishe ki.

Taki har kullum,
Yaya