Jan Da'ira Goma Sha Huɗu

Litinin, 2 ga Oktoba

Zan rubuta sau ɗaya tak, in ga kamanninsa a takarda: wata goma sha huɗu ke nan rabona da jinin al'ada. Ko Mama ba ta sani ba.

A littafin atisayen da muke miƙa wa matar Koci duk Juma'a kuwa, lafiyata ƙalau. Akwai gurbin nauyi, gurbin kilomita, gurbin barci, sai ɗan gurbi a ƙarshen layi inda ake zana jan da'ira ranar da baƙon wata ya zo. Doka ce: wadda ta yi wata uku babu da'ira, a cire ta daga gudu a kai ta wurin likita. Nawa goma sha huɗu ne cif, kowace kyakkyawa. Ni na zana abina.

Watan farko da ya ɗauke ina aji ɗaya. Tsoro ya kama ni, na tari Mifuyu-senpai a ɗakin wanki, wadda take kyaftin ɗinmu yanzu. Senpai muke ce wa 'yan ajin da ke gaba da mu. Dariya ta yi. "Barka, Kozue, yau kika zama 'yar gudu." Ta zaro jan biro daga aljihu ta danƙa mini. "Kar ki riƙa yin kwana ashirin da takwas daidai, za a gane. Wani watan talatin, wani talatin da ɗaya. Ki ɗan sa ciwon mara a gefe." Ba ta sake tambayata ba, ban sake faɗa ba.

Ƙunshin audugar matan da na zo da shi tun Afrilu yana nan cikin kabad, ban farke ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Sikeli da safe: kilo arba'in da ɗaya da ɗigo biyu. Koci Kuramochi ya duba, ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ne abincina na yini.

Bayan atisaye ya karanta sunayen mutum biyar da za su yi ekiden na lardi, gudun ba-ni-in-ba-ka, ranar biyar ga Nuwamba. "Zango na uku, Nagase." Ni! Da sunan gidanmu yake kirana. Na rusuna har gashina ya kusa taɓa ƙasa. Kilomita uku da ɗamarar makarantarmu a kafaɗata, in miƙa wa mai zango na gaba. In muka ci, sai gasar ƙasa a Kyoto a Disamba.

Tomoe, 'yar aji ɗayan da muke ɗaki ɗaya, ita aka sa a jiran ko-ta-kwana. Ta rungume ni tana tsalle kamar ita aka zaɓa. Ban san inda zan sa hannuwana ba.

Na so in faɗa wa wani. Waya sai Lahadi ake ba mu. Na faɗa wa wannan littafin.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ƙwaurin hagu. Wuri ɗaya ne, bai fi kan yatsa ba, in na danna sai na ga taurari.

Laraba, 11 ga Oktoba

Mai gasasshen dankali ya fara zagayawa da motarsa, yana jan kiransa ta bayan katangar fili. Duk muka yi kamar kurame. Mifuyu-senpai ta ce, "Wadda ta shaƙi ƙamshin nan sau biyu ta ƙara zagaye ɗaya." Aka yi dariya. Ni tawa kullum a makare take zuwa, bayan kowa ya gama.

Da rana na hau matakalar bayan ɗakin karatu da littafina mai shuɗin bango. Yarinyar ciki tana sayar da tikiti a wata 'yar tashar jirgin ƙasa ta bakin teku, kuma wani mai gyaran agogo kullum yana sayen tikitin garin da ba ya zuwa. Na san wasiƙa zai ba ta, tun babi na biyu na sani. Duk da haka sai in riƙa karatu a hankali don kar in isa da wuri.

Ni ba a taɓa ba ni wasiƙa ba. Wa zai gan ni ma? Daga fili sai aji, daga aji sai fili.

Rabin shinkafata na ci. Sauran na rufe da murfin kwanon miya.

Asabar, 14 ga Oktoba

Hutun kwana biyu a gida. Ban kai ga cire takalmi ba Mama ta ce, "Me ya sami ƙafar?" Na ce ba komai. Ta ce, "Hau bene in gani." Na hau uku na kama bango.

Asibitin ƙashi ta kai ni, na kusa da tasha. Likita Hozumi mace ce mai furfura, ba ta sauri. Aka ɗauki hoton ƙwaurin, sannan ta daɗe tana kallon wuyan hannuna, ta ce a kwantar da ni a wata na'ura a auna ƙwarin ƙashina gaba ɗaya.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

"Makon jiya."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce wa Mama ta taimaka ta je ta cike wata takarda a waje. Da ƙofa ta rufu ta ce, "To, yanzu ni da ke. Wace shekarar makon jiya?"

Ban san yadda ya fito ba. Goma sha huɗu. Muryata kamar ta wata.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta juyo mini da hoton, ta nuna wani siririn layi kamar gashi. Ƙashin ya tsage. Ta ce in jiki ba ya samun abincin da zai ɗauki irin gudun da nake yi, sai ya fara kashe fitilu ɗaki-ɗaki, kuma al'ada ce ta farko. In ta ɗauke, ƙashi ya daina ginuwa, ya koma zaizayewa. "Shekarunki sha bakwai, ƙashinki kuwa ya girmi mamanki. Yanzu ne lokacin tara shi. In ya wuce, samunsa da wuya." Mako shida babu gudu, abinci cikakke, in dawo a sake dubawa. In na yi kilomita ukun nan a kan kwalta, tsagar tana iya zama karaya, ta ce ba za ta yi mini alkawarin a wane mita ba.

Na ce, "Mako uku ya rage."

Ta ce, "Na sani. Duk ku haka kuke ce mini."

Ta rubuta wa Koci wasiƙa, har da maganar watannin, ta rufe ta buga hatimi. "Ni zan faɗa wa mamanki, ko ke?" Na ce ni. Mama tsagar kawai ta ji. A mota ta yi ta cewa, "Ki ba shi da hannu biyu, ki ba shi haƙuri." Iyaye ba sa kiran Koci a waya, ba a yi. Na san da wannan lokacin da nake cewa to.

Lahadi, 15 ga Oktoba

A jirgin ƙasa, hanyar komawa makaranta. Farar ambulan mai kauri, da jan hatimi, irin wadda na yi shekaru ina mafarki. Ga ta a hannuna, daga likita zuwa ga Koci, dattijo mai shekara hamsin da shida.

Na cusa ta cikin littafin mai shuɗin bango, shafi na ɗari biyu da sha biyu, inda na tsaya.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ƙwaya biyu ta rage zafi kafin atisaye, na ɗaure ƙwaurin a ƙarƙashin doguwar safa. Mita dubu sau biyar. Koci ya ce, "Nagase, kina jingina dama." Na ce takalmi ne.

Ban buɗe littafin ba. In na buɗe ita zan fara gani. Mai gyaran agogo yana can tsaye a gaban taga tun Lahadi, hannunsa cikin aljihu.

Lahadi, 22 ga Oktoba

"Kin ba shi?"

"Na ba shi, Mama."

"Me ya ce?"

"Ya ce in huta."

Ta sauke numfashi, ta ce za ta aiko mini da busassun ƙananan kifi, wai suna gina ƙashi. Ta ce Kaka tana gaishe ni, ta fara tafiya da sanda ɗaya tun bayan karayar ƙugunta. Minti goma aka ba mu. Na mayar da wayar a minti na huɗu.

Talata, 24 ga Oktoba

Ba na son rubuta wannan.

Bayan makaranta ina ninke kaya, Tomoe ta shigo ta rufe ƙofa da bayanta. Yarinyar da ba ta iya shiru ko a layin sikeli, yau sai murza bakin riga take yi.

"Senpai, kar ki yi fushi. Na ga ƙunshinki a kabad. Tun da na zo yake nan."

Na ce ina ruwanta da kabad ɗina.

"Nawa ma bai zo ba. Wata biyu. Na bar gurbin haka nan, matar Koci ta ja layi a ƙasa ta sa alamar tambaya. In ya kai uku..." Sai ta ɗago tana ɗan murmushi, irin na wadda ta ci jarrabawa tana jin kunyar faɗa. "An ce haka ake yi in mutum ya fara kyau, ko?"

Shekararta sha biyar. Ta zo mana a Afrilu da kumatu, tana cin kwano biyu, 'yan aji uku suna kiranta Dankali. Yau na lura babu kumatun. Ɗaki ɗaya muke, sai yau na lura.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Barka, kin zama 'yar gudu." Da muryar Mifuyu-senpai sak, har da 'yar dariyar. Na ɗauko biron na ba ta. Na ce kar ta yi ashirin da takwas daidai.

Ta karɓa da hannu biyu ta rusuna, yadda ake karɓar ɗamara a wurin bikin fitar da 'yan gudu.

Laraba, 25 ga Oktoba

A teburin safe na ga Tomoe ta rufe rabin shinkafarta da murfin kwanon miya. Ta kallo ni ta kashe ido ɗaya.

A zagaye na shida ƙwaurin ya yi wani abu, ba ƙara ba, kamar an taka busasshen kara a cikina. Na gama zagayen. Ban san me ya sa nake alfahari da wannan ba.

Duk yinin layin nan mai kama da gashi nake gani, amma a ƙafar da ba tawa ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Na karɓe birona. Na ce mata tawadar ta kusa ƙarewa. Ba ta riga ta zana ba, wai tana ta lissafin ranar da za ta fi kama da gaskiya. Na ce ta bar gurbin yadda yake, wata biyu doka ba ta kama ta ba, kuma ta cinye shinkafarta ko in haɗa ta da matar Koci. Ta ce, "Kai, senpai, ashe kina da baki!" Na ce ta yi mini shiru. Ta tura baki, amma da yamma ta cinye tas, ina zaune a gabanta. Don kar ta ce komai, ni ma na cinye tawa. Cikina ya yi nauyi. Sikelin gobe zai tona.

Gurbina na Oktoba babu komai. Ban manta ba.

Gobe Juma'a, ranar miƙa littattafai. Matar Koci za ta karanta goma sha huɗu a wasiƙa, ta buɗe baya ta ƙirga goma sha huɗu a nawa rubutun. Mifuyu-senpai ba za ta sake kallona ba. Zango na uku zai koma hannun wata, ni kuma in tsaya bakin titi da 'yar tuta. Ran Lahadi akwai minti goma da Mama, wannan karon ina jin ba za su isa ba.

Ba don Tomoe ba ne. Littafina kawai nake so in ƙarasa, ambulan ta tokare mini shafi kwana goma sha ɗaya.

Na ciro ta. Gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe, na danne da ƙamus. Ba cikin littafin atisaye zan saka ta ba, a tsinta bayan na fita. Bayan sikeli, kafin a ɗaura takalma, zan miƙa wa Koci da hannu biyu.

Na karanta shafi na ɗari biyu da sha biyu. Mai gyaran agogo ya ciro hannun daga aljihu.