Ina Zaune a Benci Aka Yanke Shawara Kan Numfashin Mijina

Zuwa ga Shugaban Asibitin da aka yi wa mijina tiyata.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki lafiya.

Sunana Hajara, daga Samaru. Karatuna bai wuce firamare ba, ka yi haƙuri da rubutuna. Makon jiya na fita takaba, shi ya sa sai yanzu na rubuto.

Mijina, Malam Isiya, mai gyaran injin ban ruwa ne a Chikaji. Ƙari ya fito masa a ƙirji yana danne hanyar numfashi. Tun zuwanmu na farko likita ya gaya masa akwai na'urar da za ta riƙa jan jininsa yayin tiyata, ta sa masa iska, ta mayar jiki, ko da hanyar ta toshe. A gida ya ce mini ya yarda, ai famfo ne, shi kuwa ya san famfo.

Abu biyu ne ke damuna. Na ɗaya: ranar sa hannu a takardar tiyata numfashinsa ya tsananta, ba ya iya magana. Ma'aikaciyarku ta leƙo ta ce a kira namiji cikin dangi. Yayansa, Alhaji Sule, ya shiga. Ni da na yi wata biyu ina jingina shi a jikina don ba ya iya kwanciya, aka bar ni a benci. Ban kutsa kai ba, a gidanmu mace ba ta shiga gaban yayan miji.

Na biyu: rabin bayanin da Turanci aka yi. Alhaji ya ji za a fitar da jinin ƙaninsa zuwa cikin inji, ya tsorata, ya ce a yi aikin ba da na'urar ba. Babu wanda ya tambaya ko mara lafiyan ya taɓa faɗin ra'ayinsa. Ana ba shi maganin barci hanyar numfashin ta rufe. Bai farka ba.

Na yarda da ƙaddara, ban kuma ce na'urar tana hana ajali ba. Amma Malam ya zaɓa, kuma ni kaɗai na sani. Alhaji har yau ba ya iya haɗa ido da ni, alhali ban riƙe shi a zuciya ba.

Roƙona: ku rubuta zaɓin mara lafiya tun yana iya magana, ku yi bayani da Hausa. Idan kuma za ku kira namiji, ku kira matar tare da shi. Ba za ta shigo da kanta ba, sai kun ambaci sunanta.

Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan Malam.

Wassalam.
Hajara, Samaru.