Agogon Ɗakinmu Ya Daina Makara

Anti, don Allah ki taimake ni, zargi ya hana ni sakat.

Ina aiki a ɗakin kwamfutocin wani asibiti. Sauran ayyuka suna tafiya ta intanet, amma bayanan marasa lafiya suna cikin na'urorin ɗakinmu, kuma ko da wasa ba a haɗa su da waje. Wayoyinmu ma a bakin ƙofa muke bari. In za a sabunta manhaja, a faifai ake kawowa, a tantance. Mu biyu ke da makulli, ni da shugabana, wanda kawuna ne, kuma shi ya koya min aikin.

Da yake na'urorin a killace suke, agogonsu yakan ja baya kaɗan, duk Litinin ni nake gyarawa da hannu. To, mako uku ke nan ina tarar da shi daidai cif. Wa ya gaya masa lokaci, alhali sai na'ura ta hau intanet take gyara agogonta da kanta? Ga shi sabuntawar da kan ci yini biyu, Kawu ya gama ta kafin azahar. Na kuma hango guntun kebul a aljihunsa. Da na taɓo zancen, dariya ya yi, wai na gaji uwata wajen sa ido.

Jibi zan sa hannu a takardar shaida cewa ba a taɓa haɗa ɗakin da intanet ba. In na ƙi, na tona wa Kawu asiri. In na sa, wataƙila na shaidi ƙarya.

Mai Gyaran Agogo

'Yata, sannu. Idonki na da kyau, amma har yanzu zato ne a hannunki. Yana yiwuwa Kawu ne ke riga ki gyara agogon, kebul kuwa a aljihun mai irin aikinku ba abin mamaki ba ne. Sai dai dariya ba amsa ba ce.

Na'urorinku suna rubuta duk abin da aka yi musu. Gobe ki duba wa ya taɓa agogon. Sannan ki same shi ku kaɗai, cikin ladabi, ki nuna masa. Kada ki kai maganar gida. In ya wanke kansa, ki ba shi haƙuri. In gajeriyar hanya ya bi, ki ba shi dama ya kai kansa gaban shugabanni kafin jibi. In ya ƙi, kada ki sa hannu, kuma ki faɗi dalili.

Marasa lafiyan nan ba su san ki ba, amma sirrinsu yana hannunki. Kawu ne da kansa ya koya miki tsare ƙofar nan, bai kuma ce ban da shi ba. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya.