Sifirin Ƙarƙashin Ruwa

Kaukira

Zuwa ga 'yata Nelsa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da layukan nan da suke gangarawa. Wadda ta shiga ajin koyon karatu na coci da furfura, iyakar ƙoƙarinta ke nan.

Hoton ya iso. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane ke ce, fuska a cikin gilashi, tukunyar iska a baya, ga kifi sun kewaye ki kamar kaji a bakin turmi. To mene ne wannan sifirin da kike nuna mana da yatsu? Ismelda, matar fasto, ta ce ƙila ba a biya ki ba ne. Na kai wa babanki a ragar da yake kwanciya, ya duba, ya yi dariya har da tari. Na ce, "Rufino, mene ne abin dariya?" Ya ce, "Ta fi ni kyau a ciki."

Nelsa, tun kina goye nake ɗaga mutumin nan, in wanke shi, in juya shi. Da ƙafafunsa ya tafi nutson kamun langosta, manyan jatan landen nan na teku, aka dawo mini da shi a kan katako. Kowa a garin nan ya san Liwa, matar ruwa, ce ta taɓa shi. Yanzu ke kuma kin je kina yi mata yawo a tsakar gida, har da kai mata baƙi. Ki bar aikin nan. Ana neman mai taya nas a asibitinmu. Na faɗa, na sake faɗa, yanzu ga shi na rubuta.

Allah ya tsare ki.
Mahaifiyarki, Florinda

Roatán

Mama,

Ina gaida ki, ina gaida Baba. Rubutunki ya fi na mai shagon da nake wa aiki, kada ki damu.

Ba sifiri ba ne. A ƙasan ruwa ba baki, sai hannu. In na haɗa yatsu haka ina tambaya ne, "Lafiya?" Wanda na tambaya dole ya mayar mini da irinsa, ma'ana lafiya lau. In bai mayar ba, na san akwai matsala. Ki gaya wa Inna Ismelda ana biyana.

Aikina ba irin na Baba ba ne. Su ana tura su can ƙasa sau da yawa a yini, ba agogon zurfi, ba abin da zai nuna musu iska ta kusa ƙarewa. Ni baƙi nake kaiwa su kalli murjani, kuma ba ma fitowa da gudu. Iskar tukunya tana shiga jini. In ka taso da sauri sai ta yi kumfa, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Shi ya sa muke tsayawa mu jira kafin mu kai sama. Da ma kin ga wurin, Mama. Akwai murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, da wani kunkuru da ya san ni.

Ba zan bar aikin ba. Ki gafarce ni.

'Yarki, Nelsa

Kaukira

Nelsa,

Gaisuwa a taƙaice. Kunkuru ya san ki, madalla. Ko ya san ubanki ba lafiya?

Gyambon bayansa ya buɗe, zazzaɓi ya ƙi sauka, fitsarinsa ya canza launi. Na dama masa wabul, kunun ayabar nan, da madarar kwakwa yadda yake so, ya kawar da kai. Nas ta ja ni waje ta ce a kira na nesa. Ismelda za ta raka jikarta Roatán a ƙaramin jirgin Juma'a, ita za ta ba ki wannan. Jirgin zai juyo da yamma. Ki hau shi tare da ita. Kada ki tsaya haɗa kaya.

Mahaifiyarki

Roatán, Juma'a

Mama,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, Inna Ismelda tana jira.

Ta same ni da gashi jiƙe. Yanzu na fito daga ruwa, sau biyu na sauka yau, kuma da zurfi. Ba zan iya hawa jirgin sama ba sai jikina ya yi kwana da yini. Tashi sama a jirgi kamar tasowa da gudu ne daga ƙasan ruwa, abin da ya sami Baba zai iya samuna a kan kujera. Jirgin kaya na ruwa sai mako mai zuwa. Ranar Lahadi ba a tashi. Sai Litinin.

Gobe jirgi ɗaya ne kawai, da sassafe. Lokacin bai cika ba, amma in kin ce in hau, ki sa fasto ya kira shagonmu ta rediyon coci, zan hau. Ba zan runtsa ba sai na ji daga gare ki.

Ki riƙe mini hannunsa.
Nelsa

Kaukira, Lahadi

'Yata,

Ina gaida ki. Na san saƙon fasto ya same ki. Wannan za ta zo a jirgin da zai ɗauko ki, ki karanta kafin ki hau.

Da na ga Ismelda ta shigo ita kaɗai da takarda a hannu, na so in yayyaga ta. Na aika a kawo mini 'ya, an kawo mini bayani. Na ɗauki gyalena zan tafi coci in ce ki hau na sassafe. Babanki ya ce, "Flori, ina zuwa? Karanta mini tukuna. Ba don haka kika je makaranta ba?" Na karanta masa a hankali, kin san karatuna. Da na kai wurin jirgin sassafe sai ya kama zanena. Ban san da sauran ƙarfi haka a hannunsa ba.

Ya ce, "Je ki ce kada ta hau."

Na ce, "In ba ta same ka ba fa?"

Ya ce, "To ba ta same ni ba. Kina da ƙarfin juya mutum biyu ne?"

Na ce ai shi Liwa ce ta taɓa shi, ina ruwan Liwa da jirgin sama? Ya ce, "Liwa me za ta yi da ni, mace mai gida a teku? Iska ce ta ƙare mini, na taso da gudu. Da ina da abin jira, da na jira." Tun kina goye bai taɓa faɗa mini haka ba. Ya bar ni ina zagin matar mutane duk shekarun nan.

Na je na faɗa wa fasto. Ban ji daɗi ba, kuma har yanzu haushinki nake ji, da na ruwan, da na kunkurun. Maganar aikin asibiti tana nan, ban janye ba.

Jiya zazzaɓin ya ɗan sauka, yau ya dawo. Ya sha wabul kaɗan. Na tambaye shi me zan rubuta miki, sai ya ɗaga hannu ya haɗa yatsu. Ban sani ba ko gaskiya yake faɗa. Ga shi dai na zana miki:

O

Kin ce dole ne a mayar. Ki zo ki mayar masa da kanki.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifiyarki, Florinda