Rantsuwa a Harami a Kan Hassas ɗin Mota

Hajiya Mas'uda, don girman Allah ki taimake ni kafin Juma'a. In ta riske mu a haka zan rasa yayana, kuma a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa tsawo ba.

A unguwar Hindawiyya ta Makka muke zaune. Maigidana kaddad yake yi, wato ɗaukar fasinja a ƙaramar mota tsakanin unguwarmu da Aziziyya, da ita muke ci muke sha. Yayana Abdulbaƙi makanike ne, shi kaɗai gare ni a ƙasar nan, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu. Tun da aka sayi motar, hannunsa ne a kanta.

Bayan Hajjin bana wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Mota ta koma shan mai kamar an huda tanki, hayaƙinta sai wari. Yaya ya jona kwamfuta, ya ce wani abu ne da suke kira hassas, a jikin salansa yake, shi ke shinshina hayaƙi ya gaya wa inji ya ƙara mai ko ya rage. Ya ce namu ya yi shiru. Ya sayo sabo ya ɗaura. Ba a je ko'ina ba fitila ta dawo. Maigida ya kai motar wata warsha, wato gareji, a Aziziyya, su ma suka jona tasu kwamfutar, suka ce hassas ba ya motsi ko kaɗan, kamar babu shi. Wani ɗan baƙin ciki a wurin ya ce ai halin makanikai ne, su wanke tsoho su ce sabo ne.

Shi ke nan, wuta ta kama. Ga fahas, binciken mota na shekara, ya matso, kuma mai irin wannan hayaƙi ba ta wucewa. Maigida ya kafe sai Yaya ya bi shi Harami ranar Juma'a, ya fuskanci Ka'aba ya rantse cewa sabo ya sa. Yaya ya aiko mini cewa zai je, zai rantse, amma daga ranar ba shi ba mu har abada.

Hajiya, mijina ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, don in motar nan ta tsaya mun tsaya. Amma yaya za a ce Yaya ya cuce mu? Mutumin da duk shekara sai ya kawo mana naman hadaya daga Mina, in yanyanka in shanya. Bana ma don yawansa muka rasa wurin ajiya, buhunan suka yi makonni a but ɗin motar nan, har ɓeraye suka addabi lungun da muke ajiye ta. Wanda ya yi maka haka ne zai ha'ince ka a kan ɗan ƙarfe? Sai dai wani lokaci zuciyata ta ce, ai kwamfuta ba ta ƙarya. Na ba wannan haƙuri, na ba wancan, kowa ya ce na goyi bayan ɗaya. Me zan yi?

Taki,
Mai Kuka a Hindawiyya

AMSA

'Yar'uwa, share hawayenki, lokaci bai ƙure ba.

Ni ba makanikiya ba ce, don haka na kai maganarki wurin wanda ya tsufa a sana'ar. Gaskiyarki, kwamfuta ba ta ƙarya, amma abin da ta faɗa shi ne saƙon hassas ba ya isowa gare ta. Ba ta ce hassas ɗin tsoho ne ba. Lafiyayyen hassas, da inji ya yi zafi, lambarsa hawa da sauka take yi ba tsayawa. In ta sandare wuri ɗaya, ko dai shi ya mutu, ko wayarsa ta tsinke a hanya, ko fis ɗin abin da ke ɗumama shi ya ƙone, ko salansa ta huje a kusa da shi. Tsoho ya yi shiru, sabo ma ya yi shiru iri ɗaya: nan mai hankali waya yake fara tuhuma.

Yanzu koma ki karanta wasiƙarki. Busasshen nama ya yi makonni a but, ɓeraye sun cika lungu. Ɓera kuwa in ya saba da mota, har wayoyinta yake gwaguya. Ban rantse shi ne ba, amma nan za a fara dubawa.

Kowannensu yana da nasa laifin. Yayanki ya yi gaggawa, ya canza kaya bai bi waya ba, kuskure ne na aiki, ba ha'inci ba. Mijinki yana da haƙƙin neman bayani, abincinsa ne. Amma ya ɗauki maganar ɗan kallo ya ɗora a kan surukinsa, kuma ɗakin Allah ya fi ƙarfin a ja ɗan'uwa zuwa gabansa a kan zato.

Kada ki ƙara ba kowa haƙuri. Ki gaya wa mijinki zancen ɓerayen da bakinki, ki roƙe shi abu guda: kafin Juma'a a ɗaga motar, shi da Yaya suna tsaye, a bi wayar daga salansa har inda ta shiga, a auna ta da mita, a duba fis. In ba a ga komai ba, a gwada hassas ɗin a wata mota irinta. In kayan ne marar kyau, su je tare wurin wanda ya sayar da shi. Idan ɗayansu ya ƙi, ki sa dattijon da duka biyun suke jin kunyarsa ya shiga tsakani.

Ki kuma tuna wa maigidanki wannan: ko Yaya ya rantse, fitilar nan tana nan a kunne ranar Asabar, ga shi kuma babu mai gyara masa. In aka ga haƙorin ɓera a jikin waya, shi zai fara miƙa hannu, kada ya jira a ce masa.

Allah ya sanyaya zukatansu. Ina miki fatan Juma'ar nan su tafi Harami a mota ɗaya, su yi ɗawafi, su dawo su ci naman nan tare.

Hajiya Mas'uda