Kujerar Babban Likita

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidanki da yara? Ina fata tarin ƙaramin ya lafa. Ni da sauƙi, sai dai ƙafafu da suke yi mini gardama, da gidan da ya yi mini girma tun rasuwar mahaifiyarki.

Na ga saƙonki cewa kada in sake yarda ɗaliba ta soka mini allura. Ki kwantar da hankalinki. Ba ɗaliba ba ce, likita ce mai neman ƙwarewa. Ni Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai tulun ciki.

Kin san ruwan nan da ke taruwa mini a ciki, sai an zuƙe shi lokaci lokaci. Da farko Babban Likita ne yake yi, tana riƙe masa tire. Daga baya ta riƙe allurar, hannunsa a kan nata. Sannan ya sa aka kawo masa wata kujerar roba shuɗiya, ya zauna dab da gadon. Ni da ba ni da aiki sai kallo, na lura kujerar tana tafiya. Wancan zuwan tana gindin taga. Na baya-bayan nan har ta kai bakin ƙofa, yana zaune yana goge tabarau kamar ba cikina ake hudawa ba.

Sun tambaye ni ko na yarda ta yi ita kaɗai a zuwa na gaba, shi yana ɗakin kusa. Idan ta yi daidai zai sa mata hannu a takarda cewa ta iya. Na ce na yarda. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Ki gaishe da kowa.
Babanki

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki!

Na shiga ɗakin, babu kujera. Na tsaya ina waige-waige. Amarya ta ce in ina son a kira shi, ba za ta ji haushi ba ko kaɗan. Na dubi hannunta, ko rawa ba ya yi. Na ce ta yi bismilla.

Ta duba da na'ura, ta shafa magani, ta sa allura. Ruwa ya fara zuwa, sai ya tsaya cak. Ta gyara mini kwanciya, shiru. Ba ta tura allurar da ƙarfi ba. Ta ce wa nas ta kira Babban Likita. Auta, na ji kamar in yi kuka. Na ce shi ke nan, wannan tsohon cikin nawa ya kayar da yarinyar mutane.

Ya zo, bai ko sa safar hannu ba. Daga bakin ƙofa ya tambaye ta me take gani, me take shirin yi. Ta faɗa masa. Ya ce to, ta yi mana, ya juya abinsa. Ta sake dubawa, ta sauya wuri kaɗan, sai ga ruwa shar!

Da na ba ta haƙuri, dariya ta yi har da riƙe gado. Ashe ya sa hannun. Wai kiran nan da ta yi shi yake jira. Wanda bai san lokacin kira ba, ba ya bar masa mara lafiya.

Jiya na koma. Kujerar ta dawo dab da gadona, Amarya ce a kai, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga wani dogon saurayi, sabon likita, yana riƙe da tire yana ta gumi. Ta ce da shi ya gaida Kaka da kyau, a kan wannan cikin nawa ta koya. Sannan ta tambaye ni ko zan yarda da shi, sannu a hankali.

Saboda haka maganar da kike yi ta in tattara in koma wurinku, a ɗan dakata mini. Ina da aiki. Sai na ga kujerar yaron nan ta kai ƙofa.

Allah Ya yi muku albarka.
Naki har kullum,
Babanki