Man Shanun Yaya Safiyatu

Panshekara, Kano.

Zuwa ga Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Malam da yara. Ya ƙarfin jikin Inna?

Galan ɗin man shanu ya iso, Allah ya saka da alheri. Mai ne na gaske, ƙamshinsa har layin bayanmu. Saƙon da ya rako shi ma ya iso, wai mai tuya a ƙofar kamfani ta bar mijinta ya zama tsinke. Madalla da likitocin gidanmu, masu gano cuta ta hoton waya.

To, ga abin da likitan asibiti ya gano. Ashe shi mai, hanyarsa daban da ta sauran abinci. Akwai wasu siraran jijiyoyi a jikin hanji, su ke tsotse shi, fari kamar madara, su kai cikin jiki. Nawa dai na shaide su, cokali biyu zan ci ƙofa ta yi mini kaɗan. Na ƙaninku kuwa sun buɗe, suna yoyo kamar tsohon bututun kamfanin fatar da yake wa aiki a Challawa. Da ya ci mai sai su ƙara cika, abin da zai gina jiki ya bi zawo.

Kun tuna da Sallah da kuka ce Kano ta karɓe shi? Ruwa ne, Yaya. Na danna ƙafarsa da yatsa, ramin ya zauna. Lokacin ni ma murna na yi, har ina ƙara masa kitse a miya. Abin nan yana ci mini rai har yau.

Wata biyu ke nan yana kan wake, gasasshen kifi da miya ba maiƙo. In wuni ina soya wa ma'aikata awara, in dawo in dafa masa lami. Yana ci yana hararata. Amma takalmin aikinsa ya koma shigarsa, jiya ma bai nemi a sallame shi da rana ba.

Na ji Inna ta ce ranar Juma'a Lawal direba zai zo ya tafi da shi gida a yi masa kiwo. Maganarku kaɗai take ji. Ku hana, don Allah. Sati ɗaya na irin wannan gata zai mai da shi gadon asibiti.

A gaida kowa da kowa. Tambaya ɗaya kawai: ramammen ƙani mai zuwa aiki da ƙafarsa, a wajenku ba ya cikin dangi ne?

Taku,
Ladidi